Na'ura a Cikin Ƙwaƙwalwa: Wa Ke Riƙe da Makunni?

Tun shekarar 1987 wani likita a birnin Girenobul na ƙasar Faransa, Alim-Louis Benabid, ya nuna cewa za a iya rage karkarwar jiki ta hanyar dasa siririyar waya can cikin ƙwaƙwalwa. Wayar tana haɗe da ɗan batir da ake binnewa a ƙarƙashin fatar ƙirji, shi kuma yana aika lantarki kaɗan-kaɗan. A 2002 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da amfani da wannan hanya ga masu cutar Fakinson. Mutumin da ba ya iya riƙe kofin shayi ya koma cin abinci da hannunsa. Wannan alheri ne.

To amma ƙwaƙwalwa ba ƙafa ba ce. A can hali da hankali suke zaune. A 2004 likitoci a ƙasar Holan sun ba da labarin wani dattijo mai shekara 62 da aka yi wa wannan aiki. In an kunna na'urar sai ya miƙe ya yi tafiya, amma hankalinsa ya gushe, ya yi ta ɓarnar kuɗi har bashi ya yi masa katutu. In an kashe, sai hankali ya dawo, amma ya zama na kwance. Wanne za a saurara, mai tafiya ko mai hankali?

Likitocin sun kashe na'urar, suka tambaye shi yana cikin hayyacinsa. Ya zaɓi a kunna, ko da zai zauna a asibitin masu taɓin hankali. Wani zai ce wannan zaɓi bai yi ba, gara a bar wa iyali ko likita. Ni ban yarda ba. Iyali na iya zaɓen abin da zai rage masu wahalar jinya, likita kuwa ba shi zai rayu a cikin jikin ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka, a ganina, kafin a taɓa kan kowa, a zauna da shi a rubuta: wa zai kunna, wa zai kashe, wa zai yi magana a madadinsa in halinsa ya sauya. Ƙasar Cile ta sa kariyar ƙwaƙwalwa a tsarin mulkinta a 2021, kamfanin Neuralink kuma ya dasa wa mutum na farko na'urarsa a 2024. Tun ran gini, tun ran zane.