Kujerar Direba Amana Ce a Wuyan Mai Mota

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Tafa ko Mararrabar Jos da hantsi, ya ga yadda direbobin tirela da tanka suke saukowa daga motocinsu, hannu ɗaya a ƙofa, ɗaya dafe da ƙugu, su jima a duƙe kafin bayansu ya yarda ya miƙe, ba ya bukatar likita ya faɗa masa cewa wannan sana'a tana cin jikin masu ita. Abin da ban yarda da shi ba shi ne fatawar da jama'a suka yanke, har da su direbobin kansu, wai ciwon baya gadon tuƙi ne, ko sanyi ne ya shiga, ko basir ne ya motsa, sai a nemi jiƙo ko ƙwaya a haɗiya a koma kan sitiyari. Alhali kuwa kaso mai yawa na wannan lalura daga kujerar da mutum yake wuni a kanta yake fitowa, ita kuwa kujera ɗan Adam ne ya ƙera ta, yana kuma da ikon gyara ta.

Sanin cewa kowace sana'a da irin cutarta ya daɗe. Tun a shekarar 1700 wani likitan ƙasar Italiya, Bernardino Ramazzini, ya wallafa littafi a kan cututtukan masu sana'o'i, inda ya ambaci halin da teloli da masu ɗinkin takalma suke shiga saboda dogon zama a sunkuye, ya kuma hori likitoci su riƙa tambayar majiyyaci aikin da yake yi. Amma hujjar da ta fi ƙarfi a wurina ta fito ne daga rundunar sojan sama ta Amurka. A wajen shekarar 1950, da haɗurran jirage suka yawaita, aka auna jikin matuƙa 4,063, da nufin a fitar da ma'aunin matsakaicin mutum a ƙera masa kujera, bisa zaton cewa abin da ya dace da matsakaici zai dace da galibin jama'a. Wani matashin jami'i mai suna Gilbert Daniels ya ɗauki ma'auni goma, irin su tsawo da faɗin ƙirji da tsawon hannu, ya binciki mutum nawa ne suka faɗa tsakiya a dukkansu, sai ya tarar babu ko mutum ɗaya. Daga nan rundunar ta wajabta wa maƙeran jirage su yi kujeru da matakan ƙafa waɗanda ake iya matsarwa, kowane matuƙi ya daidaita su da ƙirar da Allah Ya yi masa. Kakanninmu mahaya dawaki sun riga sun san wannan hikima, domin ba a ba mutum sirdi a ce ya hau sai an rage ko an ƙara masa tsawon likkafa gwargwadon ƙafarsa.

To, mu dubi abin da ke faruwa a tashoshinmu. Yawancin manyan motocin da ake shigowa da su na hannu suna zuwa ne da kujera mai iska ko mai sifirin, wadda aka yi ta domin ta shanye girgizar hanya kafin ta isa ga ƙashin bayan direba. Ranar da ta lalace, maimakon a gyara, sai a kira mai walda ya kafe ta wuri ɗaya, soson ya mutu a ɗora tsohon matashi ko ɗan katako, dogo da gajere kuma su riƙa karɓa-karɓa a kanta, wannan gwiwarsa na dukan sitiyari, wancan yana miƙa ƙafa kafin ya taka birki. Masana sun tabbatar cewa girgizar da take maimaituwa sau huɗu zuwa takwas a cikin daƙiƙa ɗaya ita ce jikin mai zama ya fi amsawa, irin ta kuwa babbar mota take yi, balle a kan hanyar da ramuka suka cinye. Mutumin da zai ɗauko kaya daga Legas zuwa Kano, tafiyar kilomita kusan dubu, a kan ƙarfen da aka kafe, kowane rami a gadon bayansa yake sauka. Matuƙin adaidaita sahu ma bai tsira ba, shi da yake wuni a kan ɗan benci marar majingina ta kirki, sau da yawa ma ya raba shi da fasinja, ya karkace yana tuƙi domin ya cika balas.

Ƙasashen Tarayyar Turai sun kafa doka tun 2002 wadda ta iyakance yawan girgizar da ya halatta ma'aikaci ya sha a yini, suka kuma wajabta wa direban babbar mota hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi. Mu ma a Nijeriya akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta haɗa da cututtukan da aiki yake jawowa, sai dai direban da aka ɗauka da baki, ba takarda ba shaida, da wuya ya ga amfaninta.

Saboda haka nake ganin maganar ta fi kusa da zukatan masu motoci idan aka mayar da ita ga shari'a. Malaman fiƙihu sun sanya kiyaye rai cikin manyan maslahohin da addini ya zo domin karewa, sun kuma yi bayani a babin ijara cewa wanda ya ɗauki mutum aiki ba ya da ikon ɗora masa abin da zai cutar da shi. Alhajin da ba ya jinkirin sayen sabuwar taya, don ya san dukiyarsa tana kanta, amma yake ganin gyaran kujera almubazzaranci ne, ya sani cewa ya ɗauki hayar ƙarfin direba da lokacinsa ne kawai, lafiyar da zai ciyar da iyalinsa da ita bayan ya bar mota ba ta cikin ciniki. Ko ta fuskar riba ma, direban da ciwo ya hana shi sukuni shi ne mai neman ƙwayar da za ta kashe masa zafi, shi ne kuma wanda ƙafarsa take yin nauyi a lokacin da ake bukatar birki cikin gaggawa, da rayukan bayin Allah a gabansa.

Ina kira ga hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa da jami'an duba lafiyar motoci su sanya kujerar direba cikin abin da ake dubawa, daidai da birki da fitila, motar da aka kafe kujerarta kuma kada a ba ta takardar lafiya. Shugabannin ƙungiyar direbobi da na masu motocin haya, waɗanda suke karɓar kuɗi a kowace tasha kullum, su ware wani abu a koya wa masu kushin da makanikai gyaran waɗannan kujeru, a kuma sa gyaranta cikin sharuɗɗan da direba zai gindaya kafin ya karɓi makulli.