Wasiƙa ga Malaman Asibiti da Masu Kemis na Yankin Bagauda

'Yan uwa na Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa,

Roƙo ɗaya na zo da shi. In an kawo muku yaro idonsa ya turo waje, babu kwantsa babu ƙaiƙayi, don Allah kada ku ba shi dexa ko prednisolone. Ku rubuta masa takarda a wuce da shi Kano a ranar.

Akwai sankarar kaluluwa da ke tsirowa a muƙamuƙi da kwarmin ido da ciki, wadda likita Denis Burkitt ya bayyana a 1958 bayan ya ga yara da ita a Uganda. Tana bin inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, don yawan zazzaɓin ne ke buɗe wa ƙwayar cutar Epstein-Barr ƙofa. Mu kuwa ga madatsar Tiga, ga ta Bagauda, ga shinkafar rani. Ƙarin yakan ninka girmansa cikin kwana 1 zuwa 2, saboda haka "a dawo ranar kasuwa" ba magana ba ce. Ku duba bakin yaron ko haƙora sun fara girgiɗa, ku taɓa cikinsa, ku tambaya ko ƙafafunsa sun yi sanyi.

Dexa na saɓe kumburin, shi ya sa nake tsoronta. Iyaye su koma gida da murna, ciwon ya dawo da ƙarfinsa. Sannan in an yanki ɗan nama don a duba, maganin ya riga ya narkar da ƙwayoyin da likita zai gani, alhali wannan gwajin ne ke bambanta sankarar da sauran ciwukan kwarmin ido. A Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ana yin sa, akwai kuma na Shika a Zariya.

Sankarar kaluluwa ta kwarmin ido a manya kuwa a hankali take zuwa: kumburi marar zafi na watanni, ko wani nama ja-ja a ƙarƙashin fatar ido. Ita ma a tura.

Za ku ji an ce daji ba ya son allura. Kada ku yi wa uban yaron faɗa, tsoro ne da tunanin kuɗin mota daga Doguwa. Ku zaunar da shi ku ce, "Baba, wannan dajin yana jin magani." Gaskiya ce kuka faɗa masa: cyclophosphamide da vincristine da methotrexate sun warkar da yara da yawa da aka kai da wuri. Ku rubuta ranar da kumburin ya fara da duk maganin da aka sha, bayan kwana biyu ku bincika ko sun isa.

Wassalam.