Ciwon ƙugu: mu daina auna lokotoro da allura

Kaka ta yi, ana ta ɗaukar buhunan hatsi, ƴan kabu-kabu na wuni bisa moto, uwayenmu mata na duƙe bakin murhu. Sai ka ji mutum ya sunkuya, ƙugu ya riƙe, ya kasa miƙewa. A ɗauke shi cikin dare sai irjans.

To, da mun isa can, me muke nema? Abu biyu: allura da radiyo, wato hoton ƙashi. In lokotoro ya yi mana tambayoyi, ya duba, ya rubuta ƙwayar ibuprofen ko diklofenak ta ƴan kwanaki, sai mu fito muna gunaguni: "Wannan bai iya aiki ba, ko allura bai yi mini ba." Mu dai a ganinmu, nan ne muke kuskure.

Irin wannan ciwon da ke zuwa farat ɗaya, mafi yawansa daga tsoka da jijiyoyin gadon baya yake, kuma yana sauƙi da kansa cikin ƴan makonni. Hoto ba ya nuna tsokar da ta murɗe, kuɗi ne kawai ke tafiya. Magungunan kashe kumburi suna rage zafin, ba su ne ke warkar da bayan ba. Kuma maganin da ke cikin allurar shi ne ke cikin ƙwayar. Haɗarinsu ɗaya.

Haɗarin kuwa ba wasa ba ne. Waɗannan magunguna suna cin ciki har ya yi jini, suna hawar da tansiyon, suna wahalar da ƙoda, musamman ga wanda jikinsa ba ruwa. Ku tuna zafin Afrilu da Mayu, ku tuna mai azumi, ku tuna manomin da ya wuni a rana. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda ko zuciya, da tsoho, dole a yi hattara da su. Mai juna biyu kar ta sha sai da izinin likita, daga wata na 6 kuma an hana ta kwata-kwata. Shi ya sa lokotoron da ya tsaya tambayarka kafin ya rubuta ordonans shi ne ya san aikinsa.

Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne abin da ke biyo baya. An yi allura a likita, an dawo gida, zafi bai tafi ba, sai a aiki yaro wurin mai tallar magani ya haɗo "na ciwon jiki": diklofenak, ibuprofen, wani lokaci har da tramol. Biyun farko dangi ɗaya ne. Haɗa su ba ya ƙara sauƙi, ɓarna yake ƙarawa. Kuma mun san wankin ƙoda ba a kowane gari ake yinsa ba, sai iyali sun kwashi kaya zuwa Yamai ko Damagaram.

Amma akwai ciwon bayan da ba a jira da shi. In ƙafa ta yi sanyi ta rasa ƙarfi, in tsakanin cinyoyi ya mutu, in fitsari ya tsaya ko yana zuba ba a sani ba, in akwai zazzaɓi, ko an faɗo daga bisa, ko ciwon ya daɗe ana ramewa da zufar dare, a koma likita nan take. Tarin fuka ma yana kama ƙashin baya, ƙwayar kashe zafi ba ta taɓa shi.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, a sha abin da aka rubuta bayan an ci abinci, a sha ruwa, kar a wuce kwanakin da aka faɗa. Kar a kwanta kwana da kwanaki bisa tabarma, a riƙa ɗan tattaki, haka baya ke saki.

Ku fa, a garinku, an taɓa tambayarku ciwon ciki ko tansiyon kafin a yi muku allurar? Ku rubuto mana a ƙasa. Allah Ya ƙara mana lafiya.