Jirgin Wasa Ba Wasa Ba Ne

Sa'ad da aka aike ni gwajin koyarwa, wani yaro ya zo aji da ƙaramin jirgin sama, irin wanda a ke sarrafa shi da rediyo daga ƙasa. Ya ce, "Malam, ƙaƙa wutsiyarsa ke jin umurni, ga shi ba igiya?" Na yi shiru, gama abin da na haddace domin jarrabawa bai cece ni ba. Kunyar ran nan ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Ashe abin ba sihiri ba ne. Tun 1898 Nikola Tesla ya nuna wa mutanen New York ƙaramin jirgin ruwa mai bin umurnin rediyo. Akwatin da ke hannun yaro shi ke aika saƙo, wani a cikin jirgin ya karɓa, ya miƙa wa ɗan injin da ke juya wutsiya. Saƙon kuwa bugun lantarki ne, wajen sau 50 a sakan guda. In tsawon bugun ya yi kashi 1 cikin 1,000 na sakan, wutsiya ta karkata gefe guda. In ya yi kashi 2, ta koma ɗaya gefen. In ɗaya da rabi ne, ta tsaya tsakiya.

Ra'ayina shi ne mu koya wa yara haɗa irin wannan da hannunsu. Akwai ɗan ƙanƙanen abin lantarki mai lamba 555, wanda ya fito a 1972. Da shi, da batir, da 'yan tarkacen tsohuwar rediyo, da dalma, yaro ya iya yin wannan bugu, ya ga wutsiya ta motsa a kan teburinsa. Yaran da ke ƙera motar kara ba za su kasa ba.

Waɗansu za su ce na kanti ya fi aminci. Gaskiyarsu. Jirgin da ya kuɓuce a sama ya iya raunata mutum, saboda haka a sayi akwatin aikawa da na karɓa. Amma sauran a bar wa yara, su lalata, su gyara. Wanda ya saya jirgi kaɗai ya samu, wanda ya haɗa kuwa ya sami ilmi.

'Yan'uwana malaman gobe, mu fara koyon riƙe ƙarfen dalma tun muna nan kwaleji, kada yaro ya sake tambaya mu sunkuyar da kai.