TALAKA, WA ZAI SHARE MAKA HAWAYE?

'Yan'uwa manoma da makiyaya, 'yan tireda da 'yan dako, da iyayenmu mata na cikin gida. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa wanda bai iya ba, a dandali ko a ƙofar masallaci bayan la'asar.

Zaɓe ya sake zagayowa. Ga su nan sun fara shigowa ƙauyuka cikin manyan motoci, ana rabon atamfa da sabulu da taliya. To, kafin ku miƙa hannu, ku yi masu tambaya ɗaya: ina kuka shiga shekara huɗu?

KUKAN DA BA A JI

Kai Malam manomi, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar kasuwa ka ɗora buhun gero a mota, shinge nawa kuke wucewa kafin ku isa? A kowane shinge sai direba ya ba da na goro. Shi kuwa direba ba daga aljihunsa yake biya ba, a kuɗin motarka yake fanshewa. In an sace maka sa ka kai ƙara caji ofis, sai a ce babu mai a mota, kawo kuɗin mai, kawo kuɗin takarda. Ɓarawo ya cuce ka da dare, hukuma ta ƙarasa ka da rana.

Ina 'yan sandan suke sa'ad da 'yan bindiga suka kwashe yara sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara a 2020? Ina suke ranar Jangebe a 2021, da ranar Kuriga a 2024? A wasu ƙauyukan Zamfara da Katsina da Sakkwato manomi ya sha biyan ɓarayin daji kafin su bar shi ya girbe abin da ya shuka da guminsa. Amma je ka ƙofar gidan wani babba a birni, ka ƙirga masu kaki da ke gadinsa, har da mai riƙe wa uwargida jaka. Su rayukansu sun fi naku tsada ke nan?

Kuma ba yau aka fara ba. Dattawa ba su manta da Bakolori ba. A 1980 manoman yankin Talatar Mafara suka nemi diyyar gonakinsu da aikin dam ya cinye, aka amsa masu da 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka zubar da jini. A 2023 aka janye tallafin man fetur rana ɗaya, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mota da na hatsi suka bi ta. Da jama'a suka fito kukan yunwa a watan Agusta na 2024, sai aka kama har da ƙananan yara. A watan Nuwamba aka kai su kotu a Abuja, wasunsu suka yanke jiki suka faɗi, sai da duniya ta yi ca sannan aka sake su.

KA SAN HAƘƘINKA

Tsarin Mulki na 1999 ya ce babban aikin gwamnati shi ne tsaron jama'a da jin daɗinsu. Ba alfarma ba ce, bashi ne a wuyansu. Ku riƙe waɗannan da kyau. Beli a caji ofis kyauta ne. Wanda aka kama, a kai shi gaban alƙali cikin kwana ɗaya, in kotu na da nisa kwana biyu. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana a kama uba ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema. Dokokin nan suna nan a rubuce, masu tsayawa a bi su ne babu.

KURTU BA SHI NE TUSHEN CUTAR BA

Mu faɗi gaskiya, kurtun da ke tsaye a rana ɗan talaka ne kamarka. Je ka duba barikin da yake kwana. 'Yan sanda da yawa sun rasa rayukansu a daji, iyalansu na ta jeka-ka-dawo a kan haƙƙinsu. Wannan ba hujjar cin hanci ba ce, wanda ya zalunci talaka dole a hukunta shi. Amma ruwa ba ya tsami banza. Wa ke tsara kasafin kuɗi? Wa ke yin doka? Wa ke naɗa shugabannin 'yan sanda? Mutanen da kuka dangwala wa ƙuri'a ne.

ƘURI'ARKA TANA DA AMFANI

Kada wani ya ce maka duk kanwar ja ce, ka zauna a gida. Shekara da shekaru talaka na gudun haraji da jangali, ana ɗaure shi, ana shanya shi a rana. Malam Aminu Kano da almajiransa suka yi ta fafutika, har a 1979 talakawa suka yi zaɓe, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Da ƙuri'a aka yi wannan, ba da sanda ba.

Saboda haka duk ɗan takarar da ya zo, har da na jam'iyyarmu, ku zaunar da shi a gaban jama'a. Ya faɗi abin da zai yi game da shingen hanya da kuɗin beli da tsaron gonaki, ku riƙe shi da bakinsa. Wanda kuka yi rashi bai zo maku ko ta'aziyya ba, kada ya ga ƙuri'arku.

Ku adana katin zaɓenku, kada ku sayar. Taliya kwana ɗaya take ƙarewa, mugun shugaba shekara huɗu yake yi. Mazaje ku bar iyalanku su fita. Ku je da wuri, ku jefa ƙuri'a cikin lumana, ku tsaya har a ƙirga a gabanku. Kada ɗan kowa ya ɗauki gora ko wuƙa don wani ɗan siyasa, domin nasa 'ya'yan suna makaranta.

Allah ya ba mu shugabanni masu tausayi da adalci, amin.