Arzikin da muke takawa mu wuce a kara

Jama'a, a 'yan kwanakin nan duk majalisar samarin da ka zauna, a Sabon Ibadan ne ko a Agege, hirar ba ta wuce biyu: wane ya sayi mota, wane zai tsallaka waje. Ba mai tambayar ina wane ya samo kuɗin. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022, ciki har da Ikeja da Apapa da Surulere, yaranmu da yawa suka rasa abin yi. Wasu sun koma gida, wasu sun faɗa cacar ƙwallo ta waya, wasu kuma har sun fara yi wa 'yan Yahoo kallon gwanaye.

Ni a kara na tashi, mahaifina fataucin shanu yake yi. Abin da na lura shi ne, mu dai mu sayar da sa, mu ƙirga kuɗi, mu juya. Je ka mayankar Oko-Oba ka tsaya na awa ɗaya. Fata ana babbake ta a yi ganda. Ƙashi ana ƙona shi a niƙa a zuba cikin abincin kaji. Taki masu lambu ke nema. Kowanne akwai mai ci da iyalinsa da shi, amma samarinmu gani suke ƙazanta ce.

Ga kuma sauyin da ya zo. A watan Mayun 2021 gwamnonin kudu suka taru a Asaba suka amince a hana kiwon sake, jihohi da dama kuma suka yi doka, har da Legas. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo. Ko mun so ko mun ƙi, kiwo ya doshi turke. To, san da ya sha doguwar tafiya a tirela daga arewa a rame yake sauka. Wanda ya kama wuri kusa da kara, ya ɗaure biyu ko uku, ya ba su dusa da ɓawon rogon da masu garin kwaki ke zubarwa, shi zai ci riba kafin babbar Sallah. Sai dai a shanya ɓawon ya bushe sosai, ɗanyensa na da guba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Amma fa mu gaya wa kanmu gaskiya, haram ba a waya kaɗai take ba. Mai ɗura wa sa ruwa don ya cika ido, da dillalin da ke ɓoye ciwon dabba don la'ada, su ma damfara suke yi. Iyayenmu da amana suka kafa wannan kasuwa. Na sha ganin Baba ya ba mahauci Bayarabe sa bashi, ba takarda, sai shaidar dillali, kuma ranar alkawari kuɗi su zo. Ran da muka zubar da wannan, wallahi ba mai sake ba mu ko akuya.

Don haka iyaye, in yaro ya shigo da kuɗi, a tambaye shi ina ya samo. Masu gida kuma, a ba yaran kara jarin ko da ɗan maraƙi ɗaya, a raba riba. Allah Ya ba mu na halal, Ya sa masa albarka.