Duwatsun Abzin: Anasara sun daina zuwa, mu me ya hana mu?

Ga ɗari ya sake shigowa, hazo ya rufe garin Tawa, masu shayi da masu ƙosai sun fara cin kasuwar asuba. Duk shekara in wannan lokaci ya zagayo, mu da muka tashi a bakin babbar hanyar Agadas, sai mun tuna da motocin nan na Anasara masu ɗaki a ciki. Mota ce, amma da gadonta, da murhun gas, da tankin ruwa, ga jarkokin mai ɗaure a bisa, ga shebur da faifan ƙarfe na fid da taya daga rairayi. Sukan tsaya su sha mai, su sayi burodi da albasa, mu kuwa yara muna biye da su muna "Anasara, kado!" har su ɓace mana cikin ƙura.

Iyayenmu sun fi mu ganin abin. A shekarun 1970 da 1980, da sanyi ya kama, Turawa kan ƙetaro teku zuwa Aljeriya, su biyo ta Tamanrasat, su shigo ƙasarmu ta Asamaka, su yi Arlit da Agadas, su hau duwatsu su yi kwanakinsu, sannan su gangaro Tawa. Da yawa daga cikinsu tsofaffin Fijo suke korowa, in sun gama yawo su sayar, su koma gida ta jirgi. Tseren motoci na Paris-Dakar ma, wanda aka fara a ƙarshen 1978, ya sha yada zango a Agadas. Mu da muka yi wayo a farkon shekarun 2000, saura kawai muka tarar.

To, ga abin tambaya. Mutum ya baro gidansa, ya yi makonni bisa hanya, ya sha ƙura da faci, don kawai ya kwana cikin sanyin dutsen Bagzan, alhali mu da ke da nisan kilomita wajen 400 daga Agadas ba mu taɓa tunanin zuwa ba. Kwanan baya a wani shirinmu na rediyo mun tambayi masu saurare: wa ya taɓa zuwa Timiya ko Iferwan don ya gani da idonsa? Waya ta yi ta ƙara. Wanda ya san Abijan unguwa-unguwa ya kira, wanda ya shekara biyar a Libiya ya kira, amma wanda ya hau Abzin don kallo kurum, ba mu same shi ba a ranar. Wani saurayi ya ce shi dai ya ratsa yankin a bayan Hilux, fuska naɗe da rawani, za shi haƙar zinariya, kuma bai ga komai ba sai duhu da ƙura.

Ra'ayinmu a nan shi ne, lokaci ya yi da za mu daina ɗaukar Abzin a matsayin wurin Anasara. Ƙasarmu ce, tarihinmu ne, kuma tunda baƙon ya ɗauke ƙafa, nauyin raya wannan hanya ya dawo wuyanmu.

Mu fara da tarihi, domin Ba'adare in ya je Abzin ba baƙunta ya je ba. A ƙarni na 17 ne Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Al-Mubarak, ya ci ƙasar Adar da yaƙi, kuma daga zuriyarsa ne sarautar Adar ta Illela ta samo asali. Gobirawa su ma, in ka tambayi dattawansu, za su ce maka kakanninsu sun zauna Abzin kafin su gangaro kudu. Farfesa Djibo Hamani, wanda jami'ar Tawa ke ɗauke da sunansa, ya yi dogon bincike kan tarihin Adar da na masarautar Agadas, ya nuna yadda ƙasashen biyu suke ɗinke da juna. Shekaru aru-aru ayarin raƙuma na kawo mana gishiri da dabino, su koma da hatsi da tufafi. Yau ma in ka shiga kasuwar Agadas, da Hausa za ka yi ciniki. Ashe ke nan abin kunya ne ɗalibi ya haddace sunayen duwatsun Faransa don jarrabawa, bai taɓa ganin dutsen da sarautar ƙasarsa ta fito ba.

Me ake gani a can? Tun daga Agadas akwai babban masallaci mai hasumiyar ƙasa da ta kai mita 27, wanda asalinsa ke komawa ga farkon ƙarni na 16, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Bisa hanyar Arlit akwai Dabus, inda mutanen da suka sassaƙa raƙumin dawa a jikin dutse, tsayinsa ya haura mita 5, shaidar cewa dubban shekaru da suka wuce wannan hamada daji ce mai ruwa da ciyawa. Akwai Timiya, wadda ke tsakiyar baƙaƙen duwatsu amma garakenta cike da lemu da rumman da dabino, ga ruwa na zubowa daga kan dutse. Akwai kufan Asode, tsohon birnin da ya mutu. Akwai Bagzan, inda ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Nijar take, sama da mita 2,000, inda a wasu dararen watan Janairu ruwa kan kwana ya daskare. Akwai kuma bikin Abzin da aka soma yi a Iferwan tun 2001. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma duk abin da muka lissafa nan, sanyi ne lokacin ganinsa, domin da bazara zafi ba ya bari, da damina kuwa ƙoramu kan yanke hanya.

To me ya kori baƙin? Ba boyayyen abu ba ne. Rikicin Cintabaraden na 1990, a nan cikin jiharmu, shi ya buɗe ƙofar tawayen farko, har aka kai ga sulhun 24 ga Afrilun 1995. Bayan sulhu harka ta farfaɗo, jirage suka riƙa tasowa daga Faransa kai tsaye suna sauka filin jirgin Agadas mai sunan marigayi Mano Dayak. Sai tawaye na biyu ya ɓarke a 2007, da nakiyoyinsa da suka sa kowa tsoron hanya. A Satumban 2010 aka sace mutum bakwai a Arlit, biyar daga cikinsu Faransawa, daga nan ƙasashen Turai suka gargaɗi mutanensu da su guji yankin. A 2025 ma an sace wasu Turawa mata biyu cikin garin Agadas, ɗaya a Janairu, ɗaya a Afrilu. Duk wanda ke zaune yana jiran motocin nan masu ɗaki su dawo gobe ko jibi, to ya gyara zama.

Waɗanda suka ji jiki kuwa ƴan'uwanmu ne: ƴan jagora, direbobi, masu dafa abinci, masu raƙuman haya, maƙeran azurfa, da matan da ke ɗinkin kayan fata. Da aiki ya tsaya, direbobi da yawa sun koma jigilar baƙin haure zuwa Libiya, har dokar 2015 ta haramta wannan sana'a, aka kama motoci aka ɗaure mutane, kafin a soke dokar a Nuwamban 2023. Wasu kuma suka faɗa ramukan zinariya tun daga 2014. Darasin da ke ciki a fili yake: kasuwar da ta dogara ga baƙo kaɗai, ranar da baƙo ya ji tsoro ta mutu. Da a ce tun farko ƴan ƙasa na zuwa, da ko Anasara sun tafi, tukunyar maƙerin Timiya ba za ta kwana a kife ba.

Mun san abin da wasu za su ce: yawon buɗe ido na wanda ya ƙoshi ne, talakan da ke lissafin tiyar hatsi ina shi ina kallon dutse? Gaskiya ne, kuma ba da shi muke ba. Muna magana ne da ma'aikacin da ke da albashi, da ɗan kasuwar da ke zuwa Dubai da Lome, da mai halin da kan kashe maƙudan kuɗi a biki ɗaya. Muna magana da mu kanmu da kan cika motoci mu bi ƴan kokowarmu duk jihar da aka kai gasar takobi, wadda a nan Tawa aka fara ta a 1975. In har muna iya yin dogon zango cikin ɗari don kokowa, to ba kuɗin mota ne ya hana mu Abzin ba, sha'awar ce ba a dasa mana ba.

Kuma ba sai da mota mai gado da murhu ba. Kakanninmu da suka yi fatauci ba su san ta ba. Mutum goma in suka yi adashe, suka ɗauki hayar mota mai ƙarfi, suka ɗaura tabarmi da barguna da tukunya da buhun shinkafa da kayan shayi, to sun haɗa nasu ɗakin. A karya kumallo da kifin tabkin Tabalak, a sha shayi a Abalak, a wuce Tamaya, a kwana Agadas, sannan a ɗauki ɗan jagora na gari a nufi duwatsu. Kowane dala da aka kashe a wannan tafiya, cikin aljihun ɗan Nijar za ta faɗa.

Maganar tsaro kuwa ba ta wasa ba ce, kuma ba za mu ruɗi kowa ba. Mu mutanen jihar Tawa ba mu manta da kisan gillar da aka yi wa mutanenmu a yankin Tiliya a Maris na 2021 ba, kuma masu tare hanya ba su tambayar launin fata kafin su ƙwace mota. Saboda haka ba mu ce kowa ya tashi ya faɗa daji da ka ba. A tafi a ƙungiya, a sanar da hukuma kafin a tashi, a saurari shawarar jandarmomi da ta mutanen gari, kada a yi tafiyar dare, kada a kauce wa hanyar da ɗan jagora ya nuna. Inda aka ce kada a je bana, a haƙura sai baɗi. Sai dai mu sani, hanyar da mutanen kirki suka ƙaurace wa, ɓarayi ne ke gadonta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sai kuma babbar magana, wato ita kanta hanyar. An shimfiɗa kwaltar Tawa zuwa Arlit, mai tsawon sama da kilomita 600, a zamanin Seyni Kunce, don fitar da uraniyom zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Shekara da shekaru manyan motoci suna niƙa ta, har ta kai a wurare da dama direba ya gwammace ya sauka ya bi rairayin gefe. A yarjejeniyar 2014, kamfanin Areva ya yi alkawarin ba da yuro miliyan 90 don gyaranta, an kuma sha ƙaddamar da aiki guntu-guntu. Mahaƙar Kominak ta rufe a 2021, ta Somayir kuwa gwamnati ta mayar da ita mallakar ƙasa a 2025. Tunda yanzu arzikin ya dawo hannunmu, to uzurin ɗora wa wani laifi ya ƙare. Wannan hanya ba ta uraniyom kaɗai ba ce. Ita ce hanyar mai albasa, da mai dabbobi, da mara lafiyar da aka ɗauko daga ƙauye, da ɗalibin da za shi gida hutu.

A nan muna kira ga hukumomin ƙasa da su sa gyaran wannan hanya, daga farkonta har ƙarshenta, cikin ayyukan gaba-gaba, kuma a riƙa gaya wa jama'a inda aka kwana. Muna kira ga shugabannin makarantu da na jami'ar Tawa da su duba yiwuwar kai ɗalibai ziyara a hutun ƙarshen Disamba, ko da iyakarta Agadas ce a karon farko, tare da izinin iyaye da rakiyar da ta dace. Muna kira ga ƴan jagora da masu masauki na Agadas da su yanka farashin da ɗan ƙasa zai iya, su daina lissafi da aljihun Bature. Mu ma ƴan jarida da laifinmu, domin mun fi ba da labarin Abzin ranar da bindiga ta yi ƙara.

Ga wanda Allah ya nufa da zuwa kuma, ya je da ladabi. Kada ya rubuta sunansa bisa zanen da ya shekara dubbai, kada ya tsinci kayan tarihi ya sa aljihu, kada ya bar leda a bakin ruwa, kada ya harbi barewa. Jiminar Abzin ta riga ta ɓace daga daji saboda farauta, kuma gandun Abzin da Tenere, wanda UNESCO ta karrama a 1991, shekara guda bayan nan ya shiga jerin wuraren da ke cikin haɗari. Ya gaida mutanen gari, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton kowa, ya sayi abin hannunsu da daraja.

Jiya mu ne yaran da ke bin motar baƙo muna roƙon kado. Yau mun girma, mun haifi namu. Abin da ya kamace mu shi ne mu kama hannunsu mu nuna musu ƙasarsu, tun kafin su tashi su ma su san Abijan da Tarabulus, su jahilci abin da ke bakin ƙofarsu. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma wanda ya sha shayi a bukkar ɗan'uwansa cikin sanyin dutse, da wuya wani ya zo gobe ya ce masa maƙiyinsa ne.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya kiyaye matafiya, ya sa mu ga sanyin baɗi da rai da lafiya, amin.